Alheri, Lada da Tukuici: Tambayar da Goggona Ta Bar Mini

Kwana huɗu kafin rasuwar goggona, yayar mahaifina, ina zaune a bakin gadonta a asibiti ina yi mata fifita da wani guntun kwali saboda an ɗauke wuta, sai ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kai ne ka yi karatu, ka gaya mini gaskiya. Abin da na yi ya isa kuwa?" Na ɗauka zancen kuɗin magani take yi, na ce mata ta kwantar da hankalinta, an riga an biya. Ta girgiza kai, ta ce aikin Ubangiji take nufi, tana so ta san ko abin da ta yi a duniya ya kai a karɓe ta.

Matar nan ta yi fiye da shekara arba'in tana share majami'a kowace Asabar da yamma. Ta riƙe 'ya'yan da ba ita ta haife su ba har ta aurar da su, kuma duk gidan da aka yi rasuwa a unguwarmu, na Kirista ne ko na Musulmi, sai an gan ta ta shigo da langar abinci a ka. Kowace Lahadi ana rufe sujada da roƙon alherin Ubangiji Yesu Almasihu da ƙaunar Allah da zumuntar Ruhu Mai Tsarki, ita kuma tana cikin masu amsawa da amin mai ƙarfi. Duk da haka, da mutuwa ta matso kusa, lissafi ta shiga yi.

Amsar da na ba ta a ranar ita ce, "Haba Goggo, in ke ba ki shiga ba, wa zai shiga?" Ta yi shiru, ta juya fuskarta bango. Sai da na fito waje na gane cewa kaya na ƙara mata, domin na yarda da ita cewa akwai ma'auni, na dai yi mata shaida cewa nata ya rinjaya, alhali kuwa ta fi ni sanin abin da ke cikin ma'aunin. Ita ta san gabar da ta yi shekaru tana yi da wata maƙwabciya, ta kuma san Asabar nawa ta yi sharar nan da ɓacin rai, ko don kada a ce ba ta zo ba.

Ina ganin wani ɓangare na wahalar yana cikin yadda kunnenmu yake jin kalmar alheri. A wurinmu alheri abu ne da ke tafiya ya dawo, shi ya sa muke cewa danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk wanda ya taɓa zama kusa da uwar amarya ranar biki ya ga littafin nan da ake rubuta wadda ta kawo atamfa da wadda ta kawo dubu biyar, domin in nata bikin ya zo a mayar mata, har da ƙari. Mutumin kirki ba ya cin alherin wani ya yi kwanciyarsa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ita ce ta riƙe zumuncinmu, amma idan aka ce mana Allah ya yi mana alheri cikin Almasihu, nan da nan zuciya takan buɗe littafin biki ta fara neman abin da za a mayar. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da tasu tsohuwar muhawara a kan ƙaddara da zaɓin bawa, tun zamanin Ƙadariyya, masu cewa bawa yana da zaɓi, da Jabariyya, masu cewa ba shi da shi, don haka tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A cikin Kiristanci dai ta ɗauki wata siffa ta musamman, domin an ɗaure ta da gicciye: idan Almasihu ya biya, me ya rage wa mutum ya yi, kuma da ƙarfin wa zai yi shi?

A ƙasar Afirka muhawarar ta fara zafi. A ƙarshen ƙarni na huɗu wani malami mai tsantseni daga Birtaniya, Felajiyus, ya zauna a birnin Roma, inda ya tarar addinin Kirista ya zama na masu mulki, attajirai suna karɓar baftisma amma halinsu yana nan yadda yake. Idan ya yi musu faɗa sai su ce ai ɗan Adam rarrauna ne, shi kuwa ba abin da ya tsana kamar wannan uzuri. A ganinsa Allah mai adalci ba zai umarci mutum da abin da ya fi ƙarfinsa ba, domin wanda ya halicce mu ya fi mu sanin iyakarmu, saboda haka in an ce ka yi, to kana iyawa. Zunubin Adamu a koyarwarsa mugun misali ne da zuriyarsa suka yi koyi da shi, jariri kuwa ana haihuwarsa da lafiyayyen ikon zaɓi. Alheri a wurinsa shi ne hankalin da Allah ya ba mu, da Shari'ar Musa, da koyarwar Almasihu da misalinsa, da gafarar zunuban da suka wuce. Ba na raina mutumin nan ko kaɗan, domin na san irinsa a cikin dattawan ikilisiya, mutane masu gaskiya da suka gaji da ganin ana ɓuya a bayan sunan Allah ana cin amanar mutane.

Wanda ya tsaya a gabansa shi ne Agustin, wanda aka haifa a 354 a garin Tagaste, ya kuma zama bishop na Hifo, wato Annaba ta yanzu, dukansu a ƙasar da muke kira Aljeriya. Agustin ya rubuta wata addu'a inda ya ce wa Allah ya ba da abin da yake umarta, sa'an nan ya umarci duk abin da ya ga dama. Shi da kansa ya ba da labari cewa an karanta wannan jimla a Roma a gaban Felajiyus, mutumin ya kasa jurewa har ya kusa yin faɗa da wanda ya karanta. A kunnen Felajiyus addu'ar raggo ce. A bakin Agustin kuwa addu'ar mutum ce da ya gwada ya kasa, domin ya yi shekaru yana sanin gaskiya yana kuma sonta, amma al'ada ta ɗaure shi kamar sarƙa, har ya taɓa roƙon Allah ya ba shi kamewa amma ba yanzu ba. A 386, a wani lambu a birnin Milan, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ya karanta ƙarshen sura ta 13, abin da ya gagare shi shekaru ya warware a wannan rana, bai kuma taɓa iya cewa ƙoƙarinsa ne ya warware shi ba. Ayar da ta zama sandarsa ita ce 1 Korintiyawa 4:7, inda Bulus yake tambaya, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba?

Abin da ya fi kama ni a tunanin Agustin shi ne bai ce mutum ba shi da zaɓi ba. Ya ce muna zaɓa, amma abin da zuciya take so shi muke zaɓa, kuma ciwon yana cikin son ne. Mashayi yana zuwa gidan giya da ƙafarsa, ba wanda ya ja shi, amma ka ce masa ya daina sonta daga gobe ka ga ko umarni yana da wannan iko. Shari'a tana nuna hanya, ba ta kuwa iya sa gurgu ya tashi. Aikin alheri, a fahimtarsa, shi ne ya shiga ciki ya warkar da son kansa, kamar yadda Romawa 5:5 ta ce an zuba ƙaunar Allah a zukatanmu ta wurin Ruhu Mai Tsarki, har mutum ya yi nagarta da yardarsa domin yanzu ita yake so. Bayan da mayaƙan Alarik, sarkin ƙabilar Got, suka ci Roma a 410, Felajiyus da almajirinsa Selestiyus suka ƙetaro Afirka, rikicin ya biyo su. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kartaj a 418 ta yi watsi da koyarwarsu, babbar majalisar Afisa ta 431 kuma ta tabbatar da hukuncin, shekara guda bayan rasuwar Agustin.

Ba duk abin da Agustin ya faɗa ne nake iya haɗiyewa ba. Ya koyar cewa jaririn da ya mutu ba baftisma ba ya samun ceto, ko da hukuncinsa shi ne mafi sauƙi, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya tsananta a kan cewa adadin zaɓaɓɓu ƙayyadadde ne. Tun yana da rai maganarsa ta rikita mutane. Wajen 426 wasu masu zaman zuhudu a Hadrumetum, garin Susa na Tunisiya a yau, suka sami wata wasiƙarsa, sai gidan ya rabu, har aka sami mai cewa tun da komai na alheri ne bai kamata shugaba ya tsauta wa mai laifi ba, addu'a kawai za a yi masa. Dole Agustin ya sake zama ya rubuta musu cewa tsautawa ma tana cikin hanyoyin da alheri yake bi ya kai ga zuciya.

Na ga wannan da idona. An taɓa sa ni in raka wani dattijon ikilisiya wurin wani saurayi ɗan kwangila, mai baki a ƙungiyar matasa, wanda ya riƙe kuɗin leburorin da suka yi masa aikin gini wata uku. Da dattijon ya fara magana sai saurayin ya ce, "Baba, da girmanka, ai ba ta ayyuka ake samun ceto ba, ni an riga an cece ni." Dattijon bai yi gardama da shi ba. Ya ciro tabarau, ya buɗe Yakubu 5:4, ya miƙa masa ya ce, "Ɗana, karanta mini da ƙarfi, idona ba ya gani sosai." Ayar tana cewa hakkin ma'aikatan da suka girbe gonakinku, wanda kuka danne, yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Saurayin nan ya riƙe aya ta gaskiya, Afisawa 2:8-9, ya mai da ita irin maganar nan tamu ta rabon kwaɗo ba ya hawa sama, ya kuwa tsaya kafin aya ta 10, wadda ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka.

A kudancin Faransa wani malamin zuhudu, Yohanna Kasiyan, ya nemi hanyar tsakiya. Ya ce wani lokaci Allah ne yake fara kamo mutum, kamar yadda ya kamo Bulus a hanyar Dimashƙu da Matiyu a wurin karɓar haraji, wani lokaci kuma mutum ne yake fara ɗan motsi sai Allah ya tarye shi, kamar Zakka da ya hau itace da ɓarawon nan na kan gicciye. Duk Bahaushen da ya ji wannan zai tuna da maganar da muke yi kullum, wai Allah ya ce tashi in taimake ka. Na sha jin ana faɗarta a wa'azi kamar aya ce, ba ta kuwa cikin Littafi Mai Tsarki. A zancen noma da neman abinci magana ce mai kyau, amma a zancen ceto majalisar da ta zauna a garin Oranj a 529, ƙarƙashin Bishop Kaisariyus na Arles, ta ce ko tashin ma, ko marmarin tashin, kyauta ce daga Allah. Majalisar ta kuma ƙara wani abu da ake yawan mantawa, ta la'anci ra'ayin cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta, ta ce duk wanda aka yi wa baftisma yana iyawa, kuma wajibi ne a kansa, ya yi abin da ya shafi ceton ransa da taimakon Almasihu. A ganina da an riƙe wannan matsayi da kyau da an huta da rigingimu da yawa.

Bayan kusan shekara dubu wutar ta sake tashi a Jamus. Galibi abin da aka sani game da Martin Luta, jagoran 'yan Furotesta na farko, shi ne batun takardun gafara da ake sayarwa a coci, waɗanda ya yi wa tawaye a 1517, amma shi kansa bai ɗauki wannan a matsayin tushen rikicin ba. A 1524 babban masanin nan Irasmus ya rubuta littafi yana kare 'yancin zaɓi, cikin ladabi da taka tsantsan. Ya kawo misalin uba da ƙaramin yaronsa da bai iya tafiya sosai ba: uban ya nuna masa tuffa, ya riƙe hannunsa, ya ɗaga shi, ya sa masa ita a hannu, kusan komai na uban ne, amma yaron ma ya so, ya kuma ɗan yunƙura. Ya kuma yi tambayar da har yau take da nauyi, cewa in mutum ba shi da iko ko kaɗan, me ya sa Littafi Mai Tsarki ya cika da "ku tuba" da "ku zaɓa"? A Disamba 1525 Luta ya mayar da amsa mai zafi, ya yaba wa Irasmus da cewa shi kaɗai ne ya bar ƙananan batutuwa ya kama maƙogwaron zancen. Ya kwatanta nufin mutum da dabbar hawa, in Allah ne a kanta ta nufi inda Allah yake so, in Shaiɗan ne ta nufi inda Shaiɗan yake so, ba ita take zaɓen mahayinta ba. Umarnan kuwa, a cewarsa, an ba da su ne domin mutum ya gwada ya ga kasawarsa ya nemi mai ceto.

Misalin dabbar ya yi mini tsauri, har yanzu ma yana yi. Amma kusa da ƙarshen littafin Luta ya faɗi wani abu da ya sa na ajiye karatun na yi tagumi, domin goggona na gani. Ya ce ko da za a ba shi 'yancin zaɓi ba zai so a bar cetonsa a hannunsa ba, domin ko da zai rayu har abada yana aiki, lamirinsa ba zai taɓa tabbatar da yawan abin da zai gamsar da Allah ba, kullum za a bar shi da shakkar ko ana bukatar ƙari. Wannan mutum ne da ya yi shekaru a gidan zuhudu yana azumi yana furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji, bai kuwa sami salama ba. Tambayar "ya isa kuwa?" ba ta da amsa muddin a cikin aikin mutum ake nemanta, kuma masu tsoron Allah na gaske ne take fi ci, domin su ne suke ganin ƙurar da ke cikin aikinsu.

Cocin Katolika ta amsa a majalisar Tirent, a dokar da ta fitar cikin Janairu 1547. Yana da kyau 'yan'uwana da ba Katolika ba su sani cewa hukunci na farko a dokar ya la'anci duk wanda ya ce mutum yana iya samun barata, wato karɓuwa a gaban Allah a matsayin mai adalci, da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Yesu Almasihu ba. Inda suka rabu da Luta shi ne sun ce alheri yana canza mutum daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai, yana ma iya ƙi. A ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Cocin Katolika da na Tarayyar Lutaran ta Duniya, wato mabiya Luta, suka sa hannu a wata sanarwa inda suka shaida tare cewa ta alheri kaɗai Allah yake karɓarmu, ta wurin bangaskiya ga aikin ceton Almasihu, ba don cancantarmu ba, kuma Ruhu Mai Tsarki da muke karɓa yana sabunta zuciya yana kiranmu ga kyawawan ayyuka. Metodis suka shiga sanarwar a 2006, tarayyar ikilisiyoyin da ke bin tafarkin Kalbin, wani jagoran 'yan Furotesta, kuma a 2017, shekarar da aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na Numan ya shugabanci tarayyar Lutaran ɗin.

Tsakanin 'yan Furotesta kansu rigimar ba ta kwanta ba. Jon Kalbin a Janeba ya bi zancen har ƙarshensa, ya ce tun fil azal Allah ya ƙaddara wasu ga rai wasu kuma ga hallaka. A Holan wani malamin jami'ar Laiden, Yakubu Arminiyus, ya ƙi amincewa da haka, bayan rasuwarsa a 1609 kuma mabiyansa suka rubuta takardar ƙorafi mai batutuwa biyar a 1610. Ana yawan yi musu ƙazafi cewa sun koma ga Felajiyus, alhali takardarsu ta faɗa ƙarara cewa mutum ba ya iya tunani ko nufi ko aikata nagarta ta gaske sai an sake haifarsa. Abin da suka tsaya a kai shi ne Almasihu ya mutu domin kowa, kuma ana iya bijire wa alheri. Majalisar Dort, daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, ta yanke hukunci a kansu, aka sauke fastoci wajen 200, siyasa kuma ta shiga ciki har aka fille kan dattijon ƙasa Oldenbarnevelt wanda yake goyon bayansu. Wannan yana ba ni baƙin ciki ƙwarai, a ce gardama a kan kyautar Allah ta kai ga korar mutane daga gidajensu. Na fi son in tuna da Jon Wesli da Joj Witfild a Ingila, abokai da suka yi saɓani mai tsanani a kan wannan batu wajen 1740, Wesli a ɓangaren Arminiyus, Witfild kuma a ɓangaren Kalbin, har suka yi wa juna raddi a rubuce, amma da Witfild ya rasu a 1770 Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi, kamar yadda mamacin ya bar wasiyya.

Mu a nan mun gaji dukan ɓangarorin. Lutaran suna Numan, masu bin Kalbin suna Takum da ƙasar Tibi, masu bin Wesli, wato Metodis, suna yankin Muri, kuma a ƙarƙashin TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, an daɗe ana zama tare ana karatu tare a kwalejin tauhidi da ke Bukuru. Amma abin da mutum yake ji a zahiri sau da yawa ya fi kusa da Felajiyus fiye da kowannensu. A wurin jana'iza akan jera ayyukan mamaci har mai sauraro ya ɗauka su ne takardar shigarsa, a wasu wurare kuma ana koya wa talaka cewa baikonsa iri ne da zai tilasta wa Allah ya biya shi ninki. Goggona ba ta karanta Felajiyus ba, a irin waɗannan wurare ta sha shi.

Ni dai inda na tsaya ke nan. A kan tushen karɓuwa ina tare da Agustin da Luta ba tare da wata shakka ba, domin Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. A kan ko Allah ya halicci wani domin hallaka kuwa ina tare da majalisar Oranj da Wesli, domin 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto, kuma Yesu ya ce wa Urushalima sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take tattara 'yan tsakinta, amma suka ƙi. Na san abin da ɗan'uwana mai bin Kalbin zai ce, kuma maganarsa tana da ƙarfi: in mutum biyu suka ji bishara ɗaya, ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi, ashe wanda ya karɓa yana da abin fahariya. Amsata ita ce wanda aka ciro daga rijiya ba ya fitowa yana yabon hannunsa da ya kama igiya. Zai ce mini ai Afisawa 2:1 ta ce matacce ne a cikin rijiyar, matacce kuwa ba ya kama igiya, ni kuma in ce wanda ya jefa igiyar shi ne ya fara hura masa rai, amma bai tilasta masa kamawa ba. A nan muke tsayawa kullum. Abin da na lura shi ne a bakin addu'a ba mu da bambanci, kuma Agustin kansa ya kafa hujja da addu'o'in ikilisiya. Uwar da ɗanta ya lalace tana durƙusawa ta ce, "Ubangiji, ka juyo da zuciyar yaron nan," domin ta san Allah yana da hannu a cikin zuciya, in ta tashi kuma ta je ta kama yaron ta ce masa ya tuba, domin ta san shi ne zai tuba.

Game da ayyuka, kalmar da ta fi taimaka mini ita ce tukuici. Idan babban mutum ya aiko maka da kyauta, kana ba ɗan aiken wani abu, kuma ba mai hankalin da zai ce tukuicin nan kuɗin kyautar ne, domin kyautar ta riga ta shigo gidanka kafin ka sa hannu a aljihu. Amma wanda aka kawo wa babbar riga ya karɓa ya rufe ƙofa, ko sannu bai ce wa yaron da ya kawo ba, kowa ya san bai san darajar abin da aka ba shi ba, shi ya sa muke cewa yaba kyauta tukuici. Haka nake fahimtar Yakubu da ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Tukuici kuma ba ya komawa ga mai kyautar, hannun wanda yake tsaye a ƙofarka yake shiga, kamar yadda Matiyu 25 ta nuna mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku. Misalin yana da iyaka, domin tukuici daga aljihunka yake fita, Filibiyawa 2:12-13 kuwa ta ce mu yi ta aikin cetonmu da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinmu, nufin da aikatawar duka. Sai dai a ce buhun hatsi aka aiko maka, ka kwance bakinsa ka ɗebi mudu guda daga ciki ka ba yaron da ya ɗauko. Lada ma tana nan, Yesu ya yi alkawarinta ko a kan kofin ruwan sanyi, amma Agustin ya ce idan Allah ya saka wa ayyukanmu, kyautarsa ce yake naɗa wa rawani.

Washegarin ranar da goggo ta yi mini tambayar, na je na ɗauko wani tsohon mai bishara da ya yi ritaya, wanda ya san ta tun tana amarya. Na gaya masa abin da ta ce da amsar da na ba ta, bai ce mini komai ba. Ya zauna a kan kujerar roba kusa da gadon, suka gaisa, suka yi zancen damina, sa'an nan ya ce, "Mama, yaran nan da kika riƙe, da aka kawo miki su, nawa suka biya ki?" Ta ce, "Wane biya, Malam? Ƙaramin ma ko riga babu a jikinsa." Ya ce, "To da suka girma suna ɗebo miki ruwa suna yi miki itace, tulu nawa suka ɗebo kafin suka zama 'ya'yanki?" Ta daɗe ba ta amsa ba, sa'an nan ta ce, "Ai tun ranar da suka shigo 'ya'yana ne." Ya buɗe Luka 15 ya karanta mata labarin ɗan da ya dawo gida da shirin cewa a ɗauke shi kamar ɗaya daga cikin barori, uban kuwa tun yana nesa ya sheƙa a guje ya rungume shi, ya sa a kawo riga mafi kyau. Ya yi addu'a gajeriya, ya tafi.

Da yamma ta kira ni ta ce in je in gaya wa maƙwabciyar nan tana son ganinta. Matar ta zo washegari da kunu a kwanon sha, na fita na bar su, sun fi awa guda, da na dawo na tarar ita ce take riƙe da guntun kwalin tana yi wa goggo fifita. Goggo ta sha kunun cokali uku ko huɗu, shi ne abincinta na ƙarshe.